Gubar dalma ta dawo gidan da muka riga muka tsaftace

Na yi aikin awon ƙasa a wasu ƙauyuka da ke gindin duwatsu a yankin Anka na jihar Zamfara, bayan masifar gubar dalma ta 2010 wadda ta halaka yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Aikina shi ne auna ƙasar gidaje da na'urar XRF (mai nuna yawan dalmar da ke cikin ƙasa) kafin a kankare ta, sannan in sake aunawa bayan an zuba sabuwa. Asalin matsalar sananne ne: dutsen zinaren yankin cike yake da dalma, ana shigo da shi cikin gari a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar kuma ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A wuraren niƙa na'urar takan nuna dubban miligiram a kowane kilo na ƙasa, alhali iyakar da Amurka ta sa wa ƙasar gidajen zama a wancan lokaci miligiram 400 ce.

Abin da har yau yake ci mini rai wani gida ne da aka kankare, aka kwashe ƙasar a buhuna aka binne a wajen gari, na kuma auna da hannuna na ga lambobin sun sauka. Da muka koma bayan damina, sai ga su sun sake hawa, musamman a gindin katanga. Maigidan ya rantse ba a ƙara shigo da dutse gidansa ba, wasu daga cikin abokan aikina kuwa suka ce ɓoye mana yake yi. Gaskiya mutumin ya faɗa. Ruwa ne ya rushe wani sashe na katangar, shi kuma ya ɗebo laka a kududdufin bakin gari ya gyara, kamar yadda kowa ke yi tun kaka da kakanni. Kududdufin nan yana ƙasan gangaren da ake wanke garin dutse, saboda haka duk ruwan saman da ya gangaro yana kwaso ragowar wankin ya zube a cikinsa. Jadawalin awon da aka ba mu ya lissafa gidaje da wuraren niƙa, amma babu kududdufi ko ɗaya a ciki.

Asarar ba ta tsaya a kan maimaita aiki ba. Maganin da likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta ƙasa da ƙasa MSF ke bayarwa yana fitar da dalma daga jini, amma idan yaro ya koma gidan da gubar ke nan, jinin zai sake ɗauka, kuma dalma ba ta ruɓewa a ƙasa komai daɗewarta. Ke nan yaran gidan sun yi watanni suna wasa a gindin katangar da takardunmu suka ce babu haɗari a kusa da ita.

Tun daga lokacin, kafin in kunna na'ura sai na hau tudu na bi hanyar da ruwa ke bi da ƙafata har inda yake taruwa, ko kududdufi ne ko fadama. Ina tambayar magina inda suke haƙar ƙasar tubali, ina tambayar mata inda suke samo ta yaɓe da daɓe, da inda suke shanya hatsi. Ba na kuma yarda da awon jiƙaƙƙiyar ƙasa, domin danshi yana sa na'urar ta nuna ƙasa da abin da ke akwai. Sai an shanya ta an tankaɗe, tun da lallausar ƙurar ita ce ke manne wa hannun yaro. Duk wanda ya kawo mini jadawalin da ya ƙare a ranar zuba sabuwar ƙasa, nakan mayar masa da shi ya ƙara awo ɗaya bayan damina, ya kuma rubuta sunan kowane kududdufi da ke ƙasan gangare.