Daga Nijar zuwa Legas: laima ta fi rana wahala

Duk wanda ya yi aiki da 'yan'uwanmu masu zuwa daga Maraɗi, Damagaram ko Tawa, a Mile 12 ne ko Agege ko Alaba Rago, ya san abu ɗaya ke kayar da su a shekarar farko: sun saba komai ya bushe da kansa. A gida iska ke yin rabin aikin. A Legas iskar kanta jiƙaƙƙiya ce, laimarta kan haura kashi 80 cikin ɗari.

Lissafin watanni ma daban yake. Ruwa kan kankama tun Afrilu, ya yi tsanani a Yuni da farkon Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, daidai lokacin da ake marka a gida, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. Abin da ke sauka a shekara ya wuce milimita 1,500, kusan ninki uku na Maraɗi. Ɗan ci-rani da ke komawa noma a Mayu bai ga tsananin daminar Legas ba, don haka kada sabon zuwa ya dogara da labarinsa. Hunturu kuwa 'yan makonni ne a Disamba da Janairu. Bargo ɗaya ya isa.

Zafin nan da wuya ya wuce digiri 35, amma gumi ba ya bushewa, shi ya sa jiki ba ya hucewa, ƙuraje su feso a wuya da baya. Maganinsa rigar auduga mara nauyi, wanka safe da dare, da tsane tsakanin yatsun ƙafa. Randa ma ba ta sanyaya ruwa kamar a gida, saboda dalilin ɗaya ne.

A kan kaya aka fi yin asara. Buhun gero ko wake ba a ajiye shi a kan siminti. A ɗora a kan katako, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Albasa a zazzage ta daga buhu a baza, a riƙa tsince mai taushin wuya kullum, domin ɗaya takan ruɓar da na kusa da ita. Kilishi da aka ƙulle a leda bai gama hucewa ba, fumfuna zai yi. Mai shayi ya zuba sukari da madarar gari a roba mai murfi, in ba haka ba su dunƙule. Shadda da takalmin fata a fito da su duk ranar da rana ta buɗe. Kusa da teku, wajen Apapa ko Lekki, keken ɗinki da wuƙar fawa suna son mai a kai a kai, gishirin iska na cin ƙarfe.

Kafin a biya kuɗin ɗaki, a duba ƙasan bango. In akwai layin da ruwa ya taɓa tsayawa, ko ƙofar ta fi kwata ƙasa, a haƙura, komai arharsa.

Sauro a nan ba shi da lokaci. Gidan sauro duk shekara ne, kuma in zazzaɓi ya zo a yi gwajin jini kafin a sha magani.