Rula Kafin Leza

A aljihun teburina akwai wata 'yar rula ta ƙarfe da lambobinta suka fara shafewa. Duk wanda ya shigo shagona injin leza, mai harba haske mai ƙarfi a fata, yake zura wa ido, don shi ne mai tsada, shi ne mai walƙiya, amma ni ba na kunna shi sai rular nan ta gama nata aikin. Sana'ata goge tatu ce, zanen tawadar nan da ake cusawa cikin fata da allura. Da yake shagon yana wani gari ne da ke manne da barikin soja a nan Amurka, yawancin masu zuwa wurina samari ne da 'yan mata masu son sa kaki, waɗanda jami'in ɗaukar kurata ya dubi wuyansu ko bayan hannunsu ya girgiza kai.

Kafin mutum ya zauna nake tambayarsa wace runduna zai shiga, domin kowace da dokarta. Sojan ruwa su ne masu sassauci: tun 2016 suka yarda da zane har a bayan hannu da yatsu, da guda ɗaya a wuya in bai wuce inci ɗaya ba. Sojojin Marin, masu kai farmaki ƙasa daga teku, sun hana zanen da ke lulluɓe hannu daga kafaɗa zuwa wuyan hannu a 2007, ba su sake buɗe ƙofarsa ba sai 2021, kuma ko a lokacin ba su yarda da komai a kai ko wuya ko bayan hannu ba, in ban da siririn zobe a yatsa. Sojan ƙasa kuwa, inda mafi yawan mutanena ke nufa, a watan Yunin 2022 Christine Wormuth, sakatariyar rundunar a lokacin, ta sa hannu a sabon umarni. Zane guda a kowane hannu, wato daga wuyan hannu zuwa yatsu, kada ya wuce inci ɗaya. Guda a ƙeya, iyakarsa inci biyu. Guda a bayan kowane kunne, inci ɗaya. Na tsakanin yatsu ma an bari, muddin ya ɓuya in an haɗe yatsun. Fuska dai tana nan a haramce.

Wani yaro ya taɓa shigo min da ɗan kambi a bayan hannunsa na dama, ya riga ya tara kuɗinsa, ya daure fuska yana jiran zafi. Kawunsa, tsohon soja, shi ya ce masa ba za a ɗauke shi da abin nan ba. Na ɗora rula ta tsaye, na ɗora ta kwance, ko'ina bai kai inci ba. Na ce, "Ɗana, mai da kuɗinka aljihu. Kawunka dokar zamaninsa ya gaya maka. Je ka nuna wa jami'in, ya duba da idonsa." Ya tsaya yana kallona kamar na zage shi. Bai taɓa ganin mai shago ya kori ciniki ba.

Wannan halin a wurin uwar ɗakina na koye shi, wata likitar fata da na yi shekaru ina riƙe mata auduga da ƙanƙara kafin ta bari na taɓa makunnin injin. Ina wurinta a 2014, shekarar da sojan ƙasa suka tsaurara: zanen da ke ƙasa da gwiwar hannu ko gwiwar ƙafa kada ya wuce huɗu, kuma kowanne kada ya kai girman hannun mai shi. Ɗakin jiranmu ya cika maƙil. Shekara na zagayowa, a 2015, aka janye wannan iyakar. Na ga ƙato guda, an ci rabin aikin goge hannunsa, ya zauna ya dafe kai, zanen bai tafi ba bai kuma zauna da kyau ba. Tun ranar likitar ta kafa mana ƙa'ida: ba a harba leza a kan "an ce". Mutum ya zo da abin da jami'in ya faɗa a rubuce, mu kuma mu buɗe dokar da ke aiki a yau mu karanta, don gobe ana iya sauya ta.

Ita ce ta sa na gane cewa leza ba ta wanke tawada. Farfasa ta take yi ta koma ƙanana ƙwarai, sannan fararen ƙwayoyin jini su bi suna kwashewa a hankali. Zafin kamar a ɗana roba a sake maka a fata ne, sau ɗaruruwa, wurin ya yi fari fat kamar an barbaɗa gari, bayan 'yan mintuna ya koma. Sauran aikin na jiki ne, shi ya sa nake sa mako shida zuwa takwas tsakanin zama da zama. Zanen ƙwararre mai tawada da yawa yakan ci zama takwas, goma, wani lokaci fiye. Na yatsa da na idon sawu sun fi taurin kai, saboda jini bai cika gudu a can ba, kuma abin haushi zanen hannu da yatsa shi doka ta fi sa wa ido. Mai shan sigari ma nasa ya fi jinkiri, ina gaya musu, suna dariya.

Inda nake alfahari shi ne fata mai duhu. Hasken da ke neman tawada ba ya bambanta ta da launin fatar mutum, in mai riƙe da injin bai san abin da yake yi ba sai ya goge zanen ya bar farin tabo mai siffarsa. Ga baƙar tawada a baƙar fata, haske mai tsawon zango na nanomita 1064 (ma'aunin da ake bambanta nau'in haske da shi) nake sawa, shi ne mai nutsewa ƙasa ba tare da ya tsaya cin saman fata ba, kuma da ƙaramin ƙarfi nake farawa. Na 532 yana cin ja, amma ina taka-tsantsan da shi ƙwarai a jikin irinmu. Kore da shuɗi mai haske suna da wuya. Farar tawada ita ce munafuka, kana harba mata haske tana iya rikiɗewa ta yi baƙi. Don haka kullum sai na gwada a ɗan ɗigo ɗaya a gefe, na sallami mutum, ya dawo mu ga yadda fatarsa ta karɓa.

Ana nan sai ga masu araha. Mutum ya sayo inji ta intanet, ya kalli bidiyo biyu, ya buɗe ɗaki yana cewa zama uku ya gama. Yaron da aka ba shi ranar gwajin lafiya nan da wata biyu, yaya za a yi ya ƙi jin wannan? Sai ya tafi, a murɗa masa ƙarfi har ƙarshe, ya dawo min da bororo ya fashe, wurin ya kumbura ya yi tudu, zanen kuma yana nan daram a ƙarƙashin tabon. Garin neman gira an rasa ido. Mayukan goge tatu sun fi ba ni takaici. Hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ba ta amince da ko guda ba, wasunsu ma ruwan asid ne mai ƙona saman fata, alhali tawadar tana can ƙasa inda mai ba ya kaiwa. Wata yarinya ta nuna min bayan kunnenta bayan ta yi sati tana shafawa, sai da na ce ta je asibiti tukuna, mu yi magana in ta warke.

Masu taya lokaci sun fi masu taya kuɗi gajiyar da ni. "Baba, ba za a yi min kowane sati ba?" Ba za a yi ba. Na fi so ka koma wurin jami'in ka nemi a ɗaga ranar, ko ka tambaye shi ko akwai hanyar neman izini na musamman.

Huji ba aikina ba ne, amma tambayarsa ba ta ƙarewa. Mace a sojan ƙasa tana iya sa ɗan kunne ƙarami mai manne wa fatar kunne, guda a kowane ɓari, faɗinsa kada ya wuce milimita 6, kuma tun 2021 aka bar su su sa har da kakin aiki in ba a fagen daga ko atisaye suke ba. Namiji ba ya sawa a bakin aiki. Na hanci da leɓe da gira da harshe duk a cire. Ƙaramin huji yakan toshe da kansa, ko ya zama ba a lura da shi. Masu buɗa kunne da faifai har yatsa ya shige su ne ke da aiki, don dokar ta ce ramin da ya wuce milimita 1.6 ya zama sauya halitta, aji ɗaya da tsaga harshe. Wannan sai ɗinki, wurin likitan fiɗa nake tura su, ba na ko taɓawa.

Akwai zanen da rula ba ta da abin cewa a kansa. Alamar ƙungiyar tsattsauran ra'ayi, ko ta wariyar launin fata, ko batsa, ko cin zarafin mata, ko a ina take a jiki kuma komai ƙanƙantarta, babu rundunar da ke karɓa. Na goge irinsu a jikin yaran da suka kasa haɗa ido da ni lokacin da suke ɗaga riga. Ba na tambayar labari. Tabarau nake miƙa musu.

Aikin da na fi jin daɗinsa shi ne datsa. A yanzu haka akwai wani mai tsuntsu a ƙeya, fikafikansa sun kai inci uku. Sunan mahaifiyarsa ne a tsakiya, bai so ya rabu da shi, ni ma ban ga dalilin goge duka ba. Muka tura wa jami'in hoto, na zana iyaka da farin alƙalami, na rufe tsakiyar da filasta, ina cin bakin fikafikan kaɗai, layi-layi, don abin da zai rage ya fito kamar da ma haka aka zana shi. Jiya ya yi zama na shida. Na ɗora rula, abin da ke da duhu ya dawo inci biyu cif, sai wata 'yar inuwa a fiffiken hagu da ba ka gani sai ka matso da fitila. Ya ce ai ta yi. Na ce ni na gan ta, likitan da zai duba shi ma da fitila zai zo, na rubuta masa ranar dawowa nan da mako takwas.