Tambayar da Muke Yi Kafin Gwajin Maniyyi

A ɗakin gwaje-gwaje, kafin mu karɓi kwalbar samfuri, sai mun tambaya: "Malam, yaushe rabonka da iyali?" Wasu sukan sunkuyar da kai. Wasu kuma sukan amsa da alfahari cewa sun yi makonni suna tarawa, wai don abin ya yi ƙarfi. Waɗannan su ne aikin ya koya mini in zaunar in yi wa bayani.

Littafin Hukumar Lafiya ta Duniya kan gwajin maniyyi, bugu na shida na 2021, ya ce namiji ya ƙaurace wa saduwa na kwana 2 zuwa 7 kafin ya kawo samfuri, kuma mafarki ma yana cikin lissafin. Manufar ita ce a auna kowa da ma'auni ɗaya, domin sakamakon yau ya kwatantu da na gaba. Matsalar ita ce magidanta da yawa sukan ɗauki wannan ƙa'ida su kai ta gida, su mayar da ita hanyar neman ciki.

Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar fiye da wata biyu kafin ta kammalu a maraina, sannan ta koma jira a wani siririn bututu da ke naɗe a bayansu. Idan jiran ya yi tsawo, ruwa yana ƙaruwa, adadi ma yana ƙaruwa, shi ya sa takardar sakamakon takan burge mai ita. Amma tsofaffin ƙwayoyi suna gajiya: motsinsu yana raguwa, kuma sinadaran gado da ke kansu suna ƙara kakkaryewa. A ƙarƙashin madubin gwaji sai ka ga kamar tasha cike da motoci, amma 'yan kaɗan ne ke iya tashi. Ma'aunin hukumar ya sa ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita a matsayin mafi ƙarancin adadi, sai kashi 30 cikin 100 masu tafiya gaba sosai. Ni dai lamba ta biyun nake fara dubawa, ko da yake ta farkon ce maza suka fi tambaya.

Ga ma'auratan da ke neman haihuwa, lissafin daban ne. Ƙwan mace ba ya wuce kamar kwana ɗaya bayan ya fito, ƙwayar namiji kuwa tana iya kai kwana 5 a jikinta. Don haka likitocin haihuwa ke ba da shawarar saduwa kullum ko bayan kwana bibbiyu a cikin kwana 6 da ke ƙarewa ranar fitar ƙwan. Mai tarawa don dare guda sau da yawa yakan kuskure ranar gaba ɗaya, ga shi abin da ya tara ɗin ma ya tsufa.