Yau dai na ji muryar matuƙin jirgi

Tun safe nake fama da wannan sikana, wato rediyo mai bin tashoshi tana neman inda ake magana, wallahi saura kaɗan in mayar da ita cikin kwalinta. Na san jiragen sama tsakanin megahaz 118 da 137 suke magana, na saka lambobin daidai na bar ta tana zagayawa, ta tsaya nan ta tsaya can amma ba abin da ke fitowa sai shuuu da wata murya kamar ta wanda ya cusa kai cikin bokiti. Sai wajen ƙarfe ɗaya na lura ashe a FM na bar ta, su kuwa jirage da AM suke aiki. Dalilin ma ya burge ni, a FM in mutum biyu suka yi magana lokaci guda mai ƙarfi yana danne mai rauni gaba ɗaya, a AM kuwa za a ji ƙarar karon a san akwai wanda aka taka. Ina juyawa sai ga murya raɗau, matuƙi yana faɗin lambar jirginsa da tsayin da ya kai. Ni kaɗai a ɗaki har da tafi, kamar wani yaro.

To amma shi kaɗai nake ji fa. Ya yi magana, sai tsit, sai ya sake cewa wani abu, amsar hasumiyar da ke kula da jirage a filin jirgi ko alama babu. Har na fara zargin sikanar kuma, daga baya na gane wannan zangon da jirage ke magana a kai, wanda ake kira VHF, a miƙe yake tafiya, jirgi yana can sama ba abin da ya shiga tsakaninmu, ita kuwa hasumiya tana ƙasa gine-gine da tudu sun tare ta.

Eriya ce ta fi cinye min lokaci. Lissafin ba wuya, ka raba 300 da lambar megahaz ɗin, na 125 ya ba ni mita 2.4, wato tsawon igiyar rediyon, rubu'insa santimita 60, shi ne tsawon da eriyar ke buƙata. 'Yar guntuwar ta roba da ta zo da ita ko kusa ba ta kai ba, sai na ɗaura mai zugewa na auna da tef na tsaya jikin taga, nan take muryoyin da ke can ƙasa-ƙasa suka fito. Maɓallin sikwelc ma, wato mai toshe shuuu ɗin in ba a magana, na murɗa shi da yawa don shuuu ɗin ya ishe ni, ashe har masu rauni yake haɗiyewa, yanzu daidai inda ƙarar ta ɗauke nake tsayar da shi.

Na adana 121.5 ta gaggawar jiragen sama, da 145.8 wadda tashar sararin samaniya ta ISS kan yi magana a kai, ko Allah zai sa in dace in ta gifta. Ina cikin saka ta uku batir ya mutu, na jona caji sai gobe.