Idan Maigida Yana Bakin Daga

Matan sojoji a barikin Bukavu da Janguza da ke Kano sun san cewa in aka tura maigida Borno, wayarsa kan yi kwanaki shiru. Galibi rashin sabis ne; a 2013 ma an katse layukan jihar saboda tsaro.

Uwargida, tun kafin ya tafi ku tsayar da lokacin kira. Ya riƙe layi biyu na kamfanoni daban, da caja mai aiki da hasken rana. Saƙon murya ta WhatsApp ya fi kira, domin yana jira har sabis ya dawo. Kada ki tambayi inda suke, kada ki ɗora hotonsa da kaki a Facebook, ransa ake karewa. Ki rubuta lambar aikinsa da bataliyarsa ki adana, shi kuma ya sabunta takardar magajinsa.