Ashe ba targaɗe ba ne

Autanmu yana shekara 13 ya fara ɗingishi duk ranar da ya dawo daga ƙwallo, ya ce ƙasan idon sawunsa na masa ciwo. Hajiya ta ce targaɗe ne, aka kai shi gun mai ɗori ya ja ƙafar ya shafa man zafi, bayan sati biyu abu ya dawo, kuma fa ko a layinmu da ba kwalta in ya taka dutse sai ya gurɗe. Ni har faɗa na yi masa wai raki ne, wallahi har yau abin na damuna.

Da muka je Asibitin Ƙashi na Dala likita ya ce "yaro ɗaga dunduniya ka tsaya kan yatsunka", sai ga tafin ƙafar shimfiɗe yadda yake, lankwasar nan ta tsakiya ba ta fito ba. Ya kama dunduniyar zai juya ta dama da hagu, ƙam kamar an kafe da ƙusa.

Ashe ƙashin dunduniya da ƙashin da ke zaune a kansa ne suka manne tun a ciki, da shi aka haife shi. Yana ƙarami mannewar guringuntsi ce shi ya sa ba ciwo, sai wajen shekara 12 zuwa 16 take ƙanƙarewa ta zama ƙashi, gaɓar ta daina motsi. Hoton farko bai nuna sosai ba sai da aka yi siti sikan, wato hoton da ke nuna ƙashi dalla-dalla, aka duba ɗaya ƙafar ma tunda kusan rabin masu shi ƙafa biyu ne.

Ba a fara da tiyata ba, siminti aka sa masa sati 6 da maganin ciwo da abin sawa cikin takalmi, ciwon ya lafa sannan ya dawo. Likita ya ce "Yaya, in mannewar ba ta kai rabin gaɓar ba kuma gaɓar ba ta cinye ba, za mu yanke ta mu cusa kitsen jikinsa a gurbin don kar ta sake haɗewa, in ta yi yawa sai dai a ɗaure ƙasusuwan da sukurori su zama ɗaya." Alhamdulillahi tasa ƙarama ce, aka yanke.

Gashin ƙashi ne ya fi ba shi wuya, har kuka yake in ana juya dunduniyar. Jiya da ƙafarsa ya taka daga Goron Dutse har Kurmi, da ya dawo na tambaye shi ƙafar ya ce "Yaya na ma manta da ita."