Gado ko akwati: gardamar da muka wuni muna yi

Talata, da dare.

Yau a tsohon siton nan muka wuni, wanda za a mayar cibiyar taimakon marasa matsuguni. Har yanzu ƙura ce da tarkace, amma mai zanen gini ya shimfiɗa takardunsa a kan tebur muka kewaye shi. Gadaje ya jera reras, daga wannan bango zuwa wancan. Shugabar kwamitinmu ta yi murna, kuma ban ga laifinta ba: masu ba da tallafi yawan gado suke tambaya, don shi ne ake iya ƙirgawa a sa a rahoto.

Wani dattijo da muka gayyato, wanda ya daɗe yana kwana a titi, shi ya rushe mana lissafi. Ya jima yana duban zanen, sannan ya ce, "Ranki ya daɗe, in na kwanta a nan, kayana fa? Wa zai tsare mini su in barci ya ɗauke ni?"

Shugabar ta ce, "Baba, ai akwai mai gadi."

Ya yi dariya kawai. Ya ce da yawa daga cikinsu sun san inda wuraren kwana suke, da gangan suke ƙin zuwa. A waje mutum yana tada kai da jakarsa. A ciki sai ya farka ya ga babu waya, babu takalmi. Gari na wayewa kuma a ce kowa ya fita, sai ka wuni kana jan kaya, ba ka isa ka shiga neman aiki da su ba. Mata da miji a raba su a bakin ƙofa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar takardu. Ruwan sama ya jiƙa katin shaidarka, ko a kwashe shi ranar da aka zo korar masu kwana a wurin. Ka je neman sabo a ce kawo adireshi. Ba ka da adireshi sai ka kama ɗaki, ba ka kama ɗaki sai da aiki, aikin kuma sai da kati. Tamkar akuyar da aka ɗaure a turke, zagaye kawai kake yi.

Daga nan gardama ta ɓarke. Jami'ar jin daɗin jama'a da ke cikinmu ta kawo misalin cibiyar marasa matsuguni ta Haven for Hope da aka buɗe a San Antoniyo ta jihar Teksas a Amurka a 2010, inda ƙungiyoyi da dama suke aiki a haraba ɗaya: likita, lauya, masu nema wa mutum aiki, duk ba sai ya yi ta yawo a gari ba. Ni kuma na ce a tuna da Finlan. Tun 2008 suka ɗauki tsarin fara ba mutum gida kafin komai, wanda masanin halayyar ɗan Adam Sam Tsemberis ya soma a birnin Niyok na Amurka a 1992, ba tare da sharaɗin sai ya daina shaye-shaye ko ya warke tukuna ba. Har manyan gidajen kwana na Helsinki, babban birninsu, suka mayar ɗakunan haya, kowa da makullinsa, kuma adadin masu daɗewa a titi ya ragu sosai. Mu ba mu da gidajen da za mu raba, na sani. Abin da nake tsoro shi ne mu gina wurin kwanan gaggawa ya zama nan ne mutum zai tsufa. A ganina ma'aunin aikinmu shi ne mutum nawa suka fita zuwa ɗakin kansu ba su dawo ba.

Kafin yamma dai an rage gadaje. Inda aka cire su za a sa akwatunan ƙarfe masu makulli, banɗakunan wanka, wurin wanki da wurin cajin waya. Mata da yara za su samu ƙofarsu daban. An kuma ware ƙaramin ofis da zai riƙa karɓar wasiƙu, domin kowa ya iya ba da adireshin cibiyar a matsayin nasa. Wannan ofishin da ko taga ba shi da ita, ina jin zai fi rabin gadajen amfani.

Abu ɗaya ya gagare mu: wanda ya zo a buge da tsakar dare, a buɗe masa ko a'a? Ma'aikaciyar jinya ta ce shi ne ma sanyi ya fi saurin kashewa, don haka a ware masa ɗaki kusa da masu aikin dare. Wasu suka ce iyalai za su gudu. Ina bayanta, amma an ɗage maganar.

Gobe da safe za mu zauna da maƙwabta. Sun riga sun aiko da takardar koke, kuma ni aka ɗora wa amsa tambayar da ta shafi layin da zai riƙa taruwa a bakin ƙofa.